Ba A Tsayawa A Ƙofar Baba

Mahaifina mai wanki da guga ne, kuma ban taɓa jin ya ba wani mahaluki haƙuri ba sai tufafi. Idan dutsen guga ya yi zafi ya ɗan lashi kwalar riga, sai ka ji yana lallashinta ƙasa-ƙasa. Amma mutum, ko ƙafarsa Baba ya taka, abin da zai samu shi ne, "Me ya kawo ƙafarka nan?" Ni ce 'yarsa ta fari, ni ce kuma abokiyar faɗansa. Tun ina ƙarama ya laƙaba mini Lauya, wai ba a taɓa aikena na tafi ban nemi dalili ba. A wurinsa na gaji halin, shi ya sa ba ma daɗewa a inuwa ɗaya sai Inna ta shigo raba mu.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai tsawo, ƙofarsa na kallon titi. Daga gaba teburin guga ne da tsohon bargo a shimfiɗe, sai kantoci a jikin bango inda ake jera kayan da aka gama. Daga baya akwai famfo da bahunan wanki, da injin da ya saya bayan ya tsufa, wanda bai taɓa wucewa ta gabansa bai yi masa tsaki ba. Tun kafin ya auri Inna ya kama wurin, da dutsen gawayi ɗaya da teburin aro. A ƙarƙashin teburin nan na yi rarrafe, a kansa na koyi karin wando, kuma da na yi aure na haihu, nan dai na dawo ina riƙe masa ɓangaren wanki, don yatsunsa sun fara ƙin ruwan sanyi.

Masu kawo masa aiki yawanci ma'aikata ne masu mota. Titinmu ne hanyarsu daga unguwanni zuwa cikin gari, saboda haka da safe sai mutum ya raɓa gefe, ya miƙo ƙullin masu datti, ya karɓi gogaggu, a yi gaisuwa, Baba ya yi masa faɗa a kan yadda yake barin biro a aljihu, sannan ya wuce. Haka aka yi ta yi har gashin Baba ya yi fari. A jerinmu akwai tela, da mai aski, da mai facin taya, dukkanmu da tsayuwar motocin nan muke ci.

Sai aka faɗaɗa titin. Da farko murna muka yi, don kwalta ce mai sheƙi har bakin dakalinmu. Ranar da aka gama sai ga masu fenti, suka ja layi ruwan ɗorawa tun daga kwana har shataletalen da ke gaba da mu, aka kafa allo daidai ƙofar shagon Baba, aka rubuta ba a tsayawa, ba a ajiye mota. Aka kuma kawo wani jami'in hanya, dogo, marar fara'a, da usur rataye a wuya. Ba mu taɓa tambayar sunansa ba, Mai Usur muke ce masa. Mota na tsayawa zai busa, ya rubuta tara, idan direba ya yi gardama janwe, motar jan motoci, ta zo ta ɗauke motar. Wurin da aka yarda a ajiye mota yana can bayan shataletale, tafiyar da babu ma'aikacin da zai yi ta da safe da ƙullin wanki a kai.

Mai faci ne ya fara tashi, don babu yadda za a yi faci mota na tafiya. Mai aski ya bi shi. Baba ya ce wa masu kawo masa kaya su ci gaba da tsayawa, wai ai ɗan lokaci ne, hukuma za ta gaji. Hukuma ba ta gaji ba, su ne suka gaji da tara. Wata safiya kuma ogan su Mai Usur ya zo da kansa, wani gajere mai ƙaton agogo, ya tsaya a bakin ƙofa ko sallama bai yi ba.

"Dattijo, kai ne kake jawo motoci suna tare mana hanya?"

Baba bai ɗago daga rigar da yake gogewa ba. Ya ce, "Ni ban da mota."

"To ka saurara da kyau. Duk ranar da aka sake samun mota a tsaye a ƙofar nan saboda kai, kwaɗo zan sa wa shagon nan. Ba tara, ba magana. Kwaɗo."

Baba ya juya rigar, ya yayyafa mata ruwa, ya ce, "Ka gama? Kana tare mini haske."

Da yamma aka yi zaman gida. Ƙanena, Auta, ya riga ya samo wani shago a lungun baya, inda mai aski ya koma, har da fili a gaba da mota za ta iya tsayawa. Ni na fi kowa zaƙewa. Na ce idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza, na ce babu wanda ya taɓa kokawa da hukuma ya tashi da farar riga, na ce shekarunsa sun wuce na taurin kai. Baba ya bar ni na zuba har na ƙare, sannan ya ce, "Lauya, ni na je na sami titin nan, ko shi ya zo ya same ni?"

"Baba, ba wannan ake magana ba."

"Wannan nake magana. Lokacin da na zo nan, akuya ma sai ta yi shawara kafin ta bi ta hanyar. Yau an shafa fenti, an ce in kwashe in shiga lungu kamar ɓarawo. Wanda ya ga dama ya tafi. Ni a nan za a zo a same ni."

Inna tana ninke zannuwa ta ce, "Ku bar shi. Mutumin da ya yi gaba da injin wanki, allo ne zai ba shi tsoro?"

Kwanaki suka biyo baya babu aiki. Kantoci suka zama wayam, ni ina baya ina wanke bahon da babu abin da ya ɓata shi. Baba kuwa ya fitar da kujera ya zauna a dakali tun safe har rana ta take, yana kallon titi. Na ɗauka baƙin ciki ne, har na fara jin tausayinsa. Ashe lissafi yake yi. Kafin a iso ƙofarmu kaɗan, masu aikin titin sun yi tudun rage gudu saboda shataletalen da ke gaba, kuma duk motar da ta hau shi sai ta sauko tana tafiyar hawainiya har ta wuce shagonmu. Wannan ɗan tsakanin Baba yake aunawa da ido.

Ya je wurin tela, wanda a lokacin yake ɗaure kekunansa zai tashi, ya ce ya ɗinka masa jakunkuna na yadi mai kauri, kowace da babban hannu wanda zai shiga madubin gefen mota. Ya samo doguwar gora, ya kai wa maƙeri ya sa mata ƙugiya a baki. Daga nan ya sa takalminsa ya bi masu kawo masa kaya ɗaya bayan ɗaya, wasu a gida wasu a wurin aiki, ya raba musu jakunkunan, ya karanta musu dokarsa. Kafin ka bar gida ka rataye jakar masu datti a madubin da ke ɓangaren shago. Ka sauke gilashin baya. Idan ka shawo kwana ka danna oda yadda aka koya maka, don kowa da irin tasa. Ka hau tudu a hankali. Kada ka gaisa, kada ka waiwaya, kuma ko sama za ta faɗo kada ka tsaya. Kuɗin aiki a sa a aljihun rigar da ke sama, canji zai dawo a aljihun gogaggiya.

Na ce masa wannan hauka ne. Ya ce ya ji, in je in sa ruwa a wuta.

Safiyar farko abin kunya ne, ba zan ɓoye ba. Ya jefa ƙullin wani akawu ya daki gilashi ya dawo, don mutumin ya manta bai sauke ba. Ya jefa kayan wata malamar makaranta cikin motar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, sai washegari mutumin ya dawo da su a ƙafa yana tambayar ko wani sabon salon talla ne. Ya kai ƙugiya zai ɗauko jaka, ya haɗo har da hular direba. Ni ina leƙe ta bayan labule, kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma kafin wata ya ƙare hannunsa ya faɗa. Oda na tashi daga kwana zai ce, "Na mai jar mota ne, kanta ta sama," in miƙo masa. Ya sauka daga dakali, gora a hannun dama, ƙulli a hagu, ya jera da motar taku kaɗan, hagu ta jefa, dama ta ɗage jaka daga madubi, ya juyo yana tafiyar ƙasaita. Taya ba ta daina juyawa ba ko sau ɗaya.

Mai Usur ya yi kwanaki yana kallo, usur a baki, ya rasa inda zai busa. Daga ƙarshe ya tako.

"Baba, wannan fa wasa da doka ne."

"Tayar ta tsaya?"

"Ba ta tsaya ba, amma…"

"To je ka busa abinka can gaba, kana firgita mini masu kawo kaya."

Ya kai ƙara, oga ya sake zuwa. Wallahi da idona na ga mutumin nan, da ƙaton agogonsa da tumbinsa, ya tsuguna a gefen titi yana leƙen tayoyi ko zai ga wadda ta tsaya. Motoci suna wucewa, jakunkuna suna tashi sama, ƙulli suna shiga ta taga, direbobi sun ƙura wa gaba ido kamar ba su taɓa ganin Baba ba. Da gwiwoyinsa suka gaji ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya nuna Baba da yatsa ya ce maganarsa tana nan, ranar da aka tsaya ranar zai zo da kwaɗo. Baba ya ce ya taho da wandon nan ma, gwiwar ta yi datti.

Haka aka shiga shekaru. Jerin shagunanmu ya zama kufai, ƙofofi a garƙame, sai tamu kaɗai a buɗe da ƙamshin sitaci. Aiki ma ya ƙaru, don akwai waɗanda suka fara kawo kaya saboda kawai su ga an yi musu abin. Yara a motocin iyayensu sukan yi tafi idan ƙulli ya faɗa daidai kujera. Shi kansa Mai Usur, wata rana bayan ya tashi aiki, ya shigo a ƙafa da kakinsa a leda, yana sunkuyar da kai. Na ɗauka Baba zai kore shi. Sai ya karɓa, ya goge kakin nan har karin wandon ya kusa yanka hannu. Na tambaye shi dalili, ya ce idan mutum zai yi faɗa, gara abokin faɗansa ya fito tsaf, kada a ce da ƙazami yake yi. Ba su taɓa zama abokai ba. Da safe kowa ya kama wurinsa, ɗaya na jiran a tsaya, ɗaya na tabbatar da ba a tsaya ba.

Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba. Ina miƙo ƙulli, ina wanki, amma ban taɓa taɓa gorar nan ba. Sau ɗaya mura ta kama shi ya ce in riƙe masa na safiya guda, na ce ni matar aure ce da 'ya'ya, ba zan fita titi ina bin motoci a mai da ni abin kallo ba. Ya dube ni ya ce, "Madalla," ya ɗaura mayafi a wuya ya fita yana tari. Na ji haushinsa a ranar, na ji haushin kaina, kuma duk da haka ban fita ba.

Abin da ya karya lissafin shi ne gyaran titi. Kwaltar ta fara farfashewa, aka zo aka kankare ta aka zuba sabuwa, da aka gama sai babu tudun. Auta ya ce ƙila an ga ba a bukatarsa ne. Baba ya rantse saboda shi aka cire, wai an zauna a ofis an yi taro a kan gorarsa. Ban san gaskiyar ba, amma na ga yadda abin ya faranta masa rai, a ce hukuma guda ta ba shi wannan matsayi.

Farin cikin bai hana gwiwa ciwo ba. Yanzu babu abin da ke tilasta wa motoci rage gudu. Mai kawo kaya zai sassauta, na bayansa su cika titi da oda da zagi, dole ya ɗan ƙara wuta. Tafiyar ƙasaitar Baba ta koma sassarfa, sassarfa ta koma gudu. Dattijo mai furfura, da doguwar gora, yana gudu a gefen mota. Yanzu babu mai tafi. Kullum da yamma Inna na shafa masa man zafi tana cewa, "Malam, jikin nan fa ba na aro ba ne, amma ba sabo ba ne." Shi kuma ya ce ta danna sosai ta bar wa'azi.

Na same shi wata rana a bayan shago ya dafa injin wankin da ya tsana, yana mai da numfashi. Na ce, "Baba, don girman Allah ka bari haka. Ka yi nasara, kowa ya gani. Shagon lungu har yanzu yana nan."

Ya ce, "Idan na shiga lungu, wa ya yi nasarar?"

"To sai ka mutu a kan titi?"

"A kan titina dai."

Na yi kuka a ranar, kukan haushi, na ce masa son kansa ya yi yawa, ba ya tunanin Inna, ba ya tunanin kowa sai allo. Bai musa ba. Ya ce in duba farar rigar da ke cikin baho, ta daɗe a ruwa.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, titi na santsi. Odar malamar makarantar nan ce ta tashi daga kwana, dattijuwa mai wata tsohuwar ƙaramar mota, tana cikin waɗanda suka fi daɗewa da mu. Na miƙa masa ƙullinta. Ya sauka, ya jera da motar, ya jefa, ya shiga daidai. Ya kai ƙugiya, sai hannun jakar, da ya jiƙe ya yi nauyi, ya naɗe a wuyan madubi ya ƙi fita. Kowane mai hankali sakin gorar zai yi. Baba bai saki ba. Motar ta fizge shi, ƙafarsa ta zame, ya faɗi da ƙugu a kan bakin dakali. Daga cikin shago na ji ƙarar.

Na fito da gudu hannuna duk kumfa. Malama ta ga abin ta madubi, fitilun birkinta suka kama, motar ta fara lafawa. Sai Baba, yana kwance rabi a titi rabi a dakali, fuskarsa ta koma toka, ya ɗago kai ya kwarara ihun da ban san yana da shi ba.

"Wuce! Malama, wuce! Kada ki tsaya!"

Ta saki birkin. Na ga fuskarta ta taga tana kuka, bakinta na motsi, motar na gangarawa da gorar tana jan ƙasa. Ta je ta zagaya shataletale ta dawo ta ɗaya hannun, ta sake juyowa ta kwana, ta sake wucewa ta gabanmu a hankali tana kiran, "Baba! Baba!" shi kuma yana kaɗa mata hannu ta yi gaba. Na yi ƙoƙarin ɗaga shi ya yi wata ƙara, na san ƙashi ne. Na ɗaga hannu zan tare wata mota, ya damƙe zanena.

"Lauya, idan kika tsayar da mota a ƙofar nan, ban yafe ba."

"Baba, ka karye!"

"Ku ɗauke ni ku kai ni bayan shataletale. A can ake tsayawa."

Ban san me zan yi ba. Ina durƙushe a cikin ruwa, kansa a cinyata, ina zaginsa a zuci ina roƙon Allah a baki. Sai na ji usur, dogo, mai tsinka kunne. Mai Usur ne ya shigo tsakiyar titi, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya juya ya ɗaga ɗayan. Duk titin ya tsaya cak, tun daga kwana har shataletale. Ya nuna motar Malama, wadda ta sake zagayowa, ya yafito ta har bakin dakalinmu, daidai ƙarƙashin allon, ya buɗe ƙofar baya da kansa.

Baba ya dube shi, gumi da ruwan sama na bin fuskarsa. Ya ce, "Kai ka tsayar da su."

"Ni na tsayar da su, Baba."

"Ba ni ba."

"Ba kai ba."

"Ka faɗa wa gajeren."

"Zan faɗa masa. Kawo hannunka."

Sai a lokacin ya yarda aka ɗaga shi. Muna sa shi a mota ya suma.

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ne. An yi aiki, zai tashi, zai taka da sanda idan Allah ya so, amma gudu kam ya yi bankwana da shi. Inna ta ce alhamdu lillahi har a kan maganar gudun. Auta ya ja ni gefe ya ce shi ke nan, magana ta ƙare da kanta, gobe da sassafe zai zo da kwalaye mu fara kwashe kaya kafin Baba ya farfaɗo sosai ya hana. Na ce to. Abin da na yi shekara da shekaru ina nema ke nan, kuma ban ji daɗin komai ba.

Da safe muna cikin shagon, Auta ya sauke dutsen guga na farko ya sa a kwali, ni ina naɗe bargon tebur. Wani ya tsinto gorar ya jingine mana ita a bakin ƙofa, ƙugiyar ta ɗan lanƙwashe. Sai oda ta tashi daga kwana. Mai jar mota ne. Babu wanda ya gaya masa, babu wanda ya gaya wa yawancinsu. Kayansa na nan a kanta ta sama, gogaggu, da hannun Baba. Nan take na ga abin da zai faru: zai iso da jaka a madubi, ba zai ga kowa a dakali ba, zai taka birki ya leƙo ya tambayi lafiya. Mai Usur yana tsaye a wurinsa, kuma abin da ya yi jiya ba zai iya yin sa kullum ba. Za a sa kwaɗon nan Baba na kwance, gajeren ya ce ai dama ya faɗa.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na fizgo ƙullin, na ɗauki gorar, na tattare zanena na yi waje. Gorar ta fi yadda nake zato nauyi. Na jefa ƙullin ya daki kan kujera ya faɗa ƙasan mota, na kai ƙugiya na kuskure, na sake kaiwa ina gudu takalmina ɗaya ya fita, jakar ta taso ta bugi fuskata. Mai jar mota ya zaro ido, ya buɗe baki zai yi tambaya, ƙafarsa ta nufi birki. Na ji muryata tana cewa, "Wuce! Yana asibiti, da sauƙi, wuce!" Ya wuce.

Na juyo ina haki, ƙafa ɗaya babu takalmi, mutane a ɗaya gefen titi suna kallona. Auta na tsaye a ƙofa da kwali a hannu.

"Yaya, me kike yi haka?"

"Mai da dutsen nan inda ka ɗauke shi. Ka miƙo na kanta ta biyu, ga wata odar can."

Har rana ta ɗaga ina abu ɗaya. Na yar da jaka a kwata, na jefa wa wani kayan da ba nasa ba, na goge gwiwa a dakali. Da motocin safe suka ƙare, na wanke ƙafata na tafi asibiti.

Na same shi a farke, ya rame a kwana ɗaya, Inna na ba shi ruwa da cokali. Ya dubi gwiwar zanena da ta yage, ya dubi tafin hannuna da gora ta saɓule. Na zauna a bakin gadon na ce masa Auta ya zo da kwalaye, na ce masa an mai da su. Na ce na yar da jakar akawu a kwata, sai na sake wanke ta.

Ya dubi silin. Sannan ya ce, da wata murya ƙarama da ban san shi da ita ba, "An tsaya?"

Na ce, "Ba a tsaya ba, Baba."

Ya juyar da fuskarsa bango. Kafaɗunsa suka fara rawa, Inna ta ajiye cokalin ta fita waje. Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba, don haka na ƙura wa ƙasa ido na bar shi ya gama. Da ya gama ya share fuska da bakin zanen gado, bai juyo ba, ya ce, "Ta ƙasa ake shigar da ƙugiyar, Lauya, ba ta sama ba. Gobe ki sa takalmi mai igiya."